Magungunan Zaburar da Ƙwaƙwalwa: Tantance Gaskiya daga Jita-jita

Tun 1937, lokacin da likita Charles Bradley ya gwada amfetamin a kan wasu yara a Amurka, ake ba masu larurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, wato ADHD, magungunan da ke zaburar da ƙwaƙwalwa. Fitattu a yau su ne Ritalin da Adderall, waɗanda ke ƙara yawan dofamin, sinadarin da ke isar da saƙon himma da jin daɗi tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Maganar cewa shan su bisa ƙa'idar likita yana lalata ƙwaƙwalwa har abada ba ta da hujja, domin lahanin da ake ambatawa an same shi ne a wajen masu ɗirkar metamfetamin da yawan da ya ninka na asibiti nesa ba kusa ba. Ko a wajen waɗannan, binciken Nora Volkow na 2001 ya nuna cewa sassan da ke jigilar dofamin suna farfaɗowa bayan wata 12 zuwa 17 da dainawa, sai dai kaifin tunani bai dawo da irin wannan saurin ba. Haka kuma zargin cewa maganin yana jefa yaro cikin shaye-shaye idan ya girma bai tabbata ba, kasancewar nazarin bayanan marasa lafiya a Suwidin a 2014 bai ga ƙarin haɗarin ba.

Amma iƙirarin cewa magungunan ba su da illa shi ma kuskure ne. Suna rage cin abinci, suna hana barci, suna ɗan ɗaga bugun zuciya da hawan jini, sannan binciken MTA, wanda ya bibiyi yara 579 a Amurka da Kanada, ya gano cewa waɗanda suka daɗe suna sha tsayinsu ya ɗan gaza na takwarorinsu. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin matasa 660 da suka fara shan maganin ya gamu da ruɗewar hankali. Gajiya da mutuwar jiki da kan biyo bayan dainawa ma gaskiya ne, amma sukan wuce cikin kwanaki ko makonni.

Saboda haka abin da ke raba amfani da cutarwa shi ne adadin da ake sha da kulawar likita. Wajibi ne iyaye su riƙa kai yaro ana auna tsayinsa da nauyinsa da jininsa, kuma kada ɗalibi ya karɓi ƙwayar wani don karatun jarrabawa.