Azaba ko Aya: Manufar Uƙubar Fir'auna a Bakin Mai Tafsiri

Wannan maƙala ta dubi yadda ake fassara uƙubar da ta sauka a Masar kafin kuɓutar Banu Isra'ila daga bauta. A unguwannin Maiduguri irin su Abbaganaram, inda ake jin Hausa tare da Barbarci, mai tafsiri da Hausa yana da kalmomi biyu a gabansa: azaba da aya.

Suratul A'araf (7:133) ta ambaci ɗufana da fara da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini, ta kira su ayoyi. Littafin Fitowa (babi na 7 zuwa 12) ya lissafa annoba goma. A ruwayoyin biyu, akan yaye bala'i idan an roƙi Annabi Musa, sannan a saɓa alkawari.

Da hallakarwa kaɗai ake nufi, da bugu ɗaya ya wadatar. Jinkirin yana nuna gargaɗi ne da damar tuba, domin a saki bayi. Saboda haka, kalmar azaba zafin kawai ta ɗauko. Aya kuwa ta haɗa da izina, kamar yadda Bahaushe kan ce wane ya zama aya.