Farashi a Takarda, Mota a Layi

A watan Afrilun 2022 kamfanin Toyota ya buɗe karɓar odar sabuwar motarsa GR86 a Birtaniya, ta intanet, a kan fam 29,995. Cikin minti 90 aka sayar da duk kason da aka ware wa ƙasar. Kason kuwa ba na wata ɗaya ba ne, na shekara biyu ne cur. Wanda ya tsaya shawara da iyalinsa, ko ya ce bari ya tashi daga aiki tukuna, ya tarar kasuwa ta watse. Abin da ya rage masa shi ne a rubuta sunansa cikin masu jira, ko Allah zai sa wani ya fasa.

Motar dai ba wata dodo ba ce. Ƙarama ce mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa-ƙasa, kujerun bayanta ko yaro ɗan shekara goma sai ya takure. Injinta lita 2.4, ƙarfin doki wajen 230, nauyinta bai kai kilo 1,300 ba. Akwai manyan motocin iyali masu tsada da za su ba ta ƙura a miƙaƙƙen titi. Abin da masu sonta ke zuba kuɗi dominsa shi ne yadda take shan kwana. Inji yana gaba, tayoyin baya ne ke tura ta, giyar hannu shida, injin kuma irin na Subaru ne mai silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, shi ya sa nauyin motar ya sauka ƙasa. A samfurin farko na 2012, injiniyoyin da Tetsuya Tada ya jagoranta da gangan suka sa mata siraran tayoyi irin waɗanda ake sa wa Prius, don bayanta ya riƙa ɗan zamewa a kwana ba tare da direba ya yi gudun ganganci ba. Lambar 86 kuma gado ce daga Corolla AE86 da aka ƙera tsakanin 1983 da 1987, wadda samarin Japan suka yi suna da ita wajen zamiya a hanyoyin kan duwatsu.

Ga ma'aikacin da ke ɗaukar albashi a ƙasarmu, fam dubu talatin ba araha ba ce ko kusa. Amma a can, a ƙarshen 2021, matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka ya haura dala 47,000, ita kuwa GR86 an sa mata dala 27,700. Motar gudu sabuwa dal, a ƙasa da kuɗin motar kai yara makaranta. Dole a yi rububi.

To me ya hana kamfanin ya ƙera da yawa ya kwashi kuɗinsa? A nan ne lissafin yake, kuma lissafin bai goyi bayan mai saye ba.

Zana sabuwar mota, da gwada ta, da kafa injinan buga ƙarfenta, kuɗi ne mai nauyi ko mota dubu za a yi ko miliyan. Corolla, wadda Toyota ta sayar da sama da miliyan 50 tun 1966, tana raba wannan nauyi a kan motoci masu ɗimbin yawa har ba a jin sa. Ƙaramar motar gudu ba ta da wannan gatan. A 2022 Toyota ta sayar da GR86 kusan 12,000 a Amurka, a shekarar da ta sayar da RAV4 kusan 400,000. Saboda haka ne ma ba ta iya ɗaukar aikin ita kaɗai ba. Ta haɗa hannu da Subaru, kamfanin da take da hannun jarin kusan kashi 20 cikin 100 a cikinsa. Mota ɗaya ce aka yi mata suna biyu, Subaru na sayar da tata da sunan BRZ, kuma dukansu daga masana'antar Subaru ta garin Ota a lardin Gunma suke fitowa. Ma'ana, Toyota ba ta da ikon ta wayi gari ta ninka yawan motar, domin a gidan wani ake yin ta, mai gidan kuma yana da nasa motocin da suka fi kawo masa riba.

Asali ma ba don riba aka yi ta ba. Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, wanda ya shugabance shi daga 2009 zuwa 2023, mutum ne da ke shiga tsere da kansa da laƙabin Morizo, kuma ya daɗe yana jin haushin a ce motocin gidansu ba sa lalacewa amma ba sa burge kowa. Motar 86 ita ce amsarsa. Aikinta ta wanke sunan kamfani, ta jawo saurayi cikin shago ko da a ƙarshe Corolla zai fita da ita. Motar da aikinta ke nan, kaɗan ta wadatar.

Sai kuma GR86 ta fito a mummunan lokaci. Annobar korona ta hargitsa masana'antun ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke zama ƙwaƙwalwar mota, waɗanda ke sarrafa komai daga shan mai zuwa burki. A watan Maris na 2021 gobara ta kama masana'antar Renesas ta Naka a Japan, ɗaya daga cikin manyan masu yi wa motoci waɗannan ƙwayoyi, abin ya ƙara taɓarɓarewa. In ƙwayoyin da ke hannun kamfani ba za su ishi duk motocinsa ba, kowa ya san wadda za a fara bai wa. Ba mai arahar ba ce. Nissan ma ta sha irin wannan da sabuwar Z ɗinta, har ta dakatar da karɓar oda a Japan a ƙarshen Yulin 2022 saboda jerin masu jira ya fi ƙarfinta.

Turai tana da nata ƙarin dalilin. Tarayyar Turai ta ƙayyade matsakaicin hayaƙin da motocin kowane kamfani za su fitar, kuma duk gram ɗaya da ya haura iyaka, tarar Yuro 95 ce a kan kowace motar da kamfanin ya sayar. GR86 tana fitar da gram wajen 200 a kilomita, kusan ninkin ma'aunin. Duk ɗaya da aka sayar sai an rufe ta da motoci masu haɗa fetur da batir. A Faransa harajin hayaƙi kaɗai ya ɗora mata sama da Yuro 10,000. Ga kuma sabbin ƙa'idojin kare haɗari da suka hau kan dukan sabbin motoci daga Yulin 2024, masu buƙatar kyamarori da na'urorin taimaka wa direba, waɗanda cika su a wannan mota sai an sake mata fasali. Toyota ta duba ta ga ba zai biya ba. Tun kafin a sayar da ko ɗaya an san shekara biyu za ta yi a Turai ta tafi.

Yanzu ga kaya kaɗan, ga masu so da yawa, ga farashi a ƙasa. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya san sauran labarin. In aka sa wa lita farashin da bai kai yadda mutane ke shirye su biya ba, bambancin ba ya ɓacewa. Ko ka biya shi da lokacinka a gidan mai, ko ka biya shi da kuɗi wajen ɗan bumburutu a bakin titi. Kasuwar wannan mota haka ta rabu, kowace ƙasa ta zaɓi nata.

Birtaniya ta zaɓi layi. A tashin farko farashi bai motsa ba, wanda ya riga shi ya samu. Amurka ta ɗauki ɗaya hanyar, saboda tsarin cinikinta. Dokokin yawancin jihohi sun hana kamfanin da ke da diloli ya sayar wa mutum mota kai tsaye. Kamfani na sayar wa dila, dila ya sayar maka, farashin da kamfani ya sanar kuma shawara ce kawai. Tun 1958 doka ta wajabta a manna wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi, wadda ake kira da sunan Sanata Mike Monroney na Oklahoma da ya kawo ƙudirin, ɗauke da farashin kamfani da kuɗin kawo ta. A shekarun ƙarancin nan, sai ka ga wata siririyar takarda a gefenta, ta dila ce. A kanta an jera kuɗin duhunta gilashi, kuɗin man kare fenti, kuɗin wata iska ta musamman da aka hura wa taya, abubuwan da babu wanda ya roƙa. A ƙasa kuma layi ɗaya mai cewa an daidaita farashi da halin kasuwa: dala dubu uku, dubu biyar, wani wurin fiye. Ba a ƙara wa motar ko ƙusa ba. Kamfanin Edmunds mai bin diddigin cinikin motoci ya ce a Janairun 2022 sama da kashi 80 cikin 100 na masu sayen sabuwar mota a Amurka sun biya fiye da farashin takarda.

Jiran ma a can ba layi ne na gaskiya ba. Toyota ba ta cika ƙera wa mutum mota bisa odarsa ba, rabo take yi wa diloli gwargwadon yawan cinikinsu. Mutum zai ajiye kafin alƙalami, ya ce ja yake so mai giyar hannu, ya zauna wata da watanni. Ran nan a kira shi a ce fara ta iso, mai canza giya da kanta, in ba ya so akwai mutum goma a bayansa.

Mutane sun fi tsine wa dila, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ni ban wanke kamfani ba. Farashin da aka buga a jaridu shi ya jawo yabo, labarin cewa mota ta ƙare cikin minti kaza kuma talla ce da ba a biya ko sisi ba. Kamfani ya kwashi sunan mai sauƙin farashi, ya bar dila da baƙin jini. Layin ma da ake yabo ba adalci ne tsantsa ba. Cikin waɗanda suka yi saurin danna oda akwai waɗanda ko sha'awar tuƙi ba su da ita. Suna karɓar makulli sai su sa motar a kasuwa da ƙarin dubbai, har ta hannu ta fi sabuwa tsada. Kamfanoni sun gwada toshe wannan ƙofa. A 2022 General Motors ta ce wanda ya yi gaggawar sayar da Corvette Z06 ɗinsa, wasu sassan garantin ba za su bi motar zuwa hannun sabon mai ita ba. Kafin nan, a 2017, Ford ta maka ɗan kokawar nan John Cena a kotu saboda ya sayar da Ford GT ɗinsa kafin cikar shekara biyun da ya sa hannu zai riƙe ta, daga baya suka sasanta. Irin wannan tsaro manyan motoci ake yi wa. Mai araha ba a cika wahalar da lauya a kanta ba.

An taɓa yin zamanin da rububi ke sa a ƙara kaya. Ranar 17 ga Afrilu 1964 Ford ta fito da Mustang a kan dala 2,368, aka yi odar 22,000 a ranar farko. Kamfanin ya yi tsammanin sayar da wajen 100,000 a shekara, sai ya sayar da fiye da 400,000. Ya iya biyan buƙatar ne domin ƙarƙashin kyakkyawar rigar, kayan Falcon ne, motar talakawa da ake bugawa da yawa, don haka daga Dearborn ya faɗaɗa aikin zuwa San Jose da Metuchen. A 1989 Mazda ta kawo MX-5 a kan dala 13,800, diloli suka ɗora dubbai a watannin farko, Mazda ta ci gaba da turo mota har zazzaɓin ya sauka, a 2016 ta cika miliyan ɗaya. Amma a yau masu saye sun koma kan manyan motoci masu tudu, dokokin hayaƙi sun tsananta, kuɗin bincike kuma ya karkata ga motocin lantarki. Babu shugaban kamfanin da zai gina sabuwar masana'anta don motar da ya san kasuwarta takan yi zafi shekara biyu ta huce.

Wannan hucewar ita ce abin da mai saye ya kamata ya auna. Masu tsananin son irin wannan mota ba su da yawa, kuma duk a tashin farko suke zuwa. In sun samu, layi ya gajarce. Abin tambaya kawai shi ne wane irin ƙaranci ne. In na kayan haɗi ne ko na ɗokin sabon abu, haƙuri na maganinsa, kuma wanda ya biya ƙarin dila ya yi asara sau biyu, domin ranar da zai sayar babu mai lissafa masa wannan ƙarin, banki ma ba ya ɗaukar sa a matsayin darajar mota. In kuwa doka ce ta sa wa motar ranar rufewa, jira ba ya haifar da komai. Wanda zai ajiye kafin alƙalami kuma, ya tabbata an rubuta masa cikakken farashin da zai biya ranar karɓa, da launi da irin giya, da sharaɗin mayar masa da kuɗinsa in abin da ya iso ba shi ya nema ba. Da yawa sun yi jiran wata shida a kan alkawarin baki, ranar da mota ta iso aka karanta musu sabon farashi.

A Amurka ƙwayoyin lantarki sun dawo, filayen diloli sun sake cika, siririyar takardar gefen gilashi ta ragu sosai. Sai dai babbar takardar ita ma ba ta tsaya inda take ba. Samfurin GR86 na 2025 ya fara ne daga kusan dala 30,000. Wani ɓangare na ƙarin tsadar kaya ce ta kawo shi, wani ɓangaren kuma kamfani ne ya ga abin da mutane suka yarda su biya dila, ya ɗauki rabonsa.