Bitar Da Ma'aikatan Lafiya Ke Zuwa Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Mene Ne Amfaninta Ga Mai Ciki Da Mai Jego?

Sau da yawa mai ciki takan zo awo a ce mata likitan da ta saba gani ya tafi taro, ko kuma sistar da ke duba ta tana wajen bita sai mako mai zuwa. Wasu kan ji haushi, su ce an bar marasa lafiya an tafi yawo. Gaskiyar magana ita ce ilimin aikin lafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da aka koya a makaranta shekara goma da suka wuce, wani an gyara shi, wani kuma an daina aiki da shi. Saboda haka ne hukumar da ke kula da likitoci a Nijeriya ta wajabta wa kowane likita ya tara makin ƙarin ilimi kafin a sabunta masa lasisin aiki. Ita ma hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma tana da nata shirin bita na dole.

Ɗaya daga cikin fannonin da aka fi mayar da hankali a kansu a irin waɗannan tarurruka a 'yan shekarun nan shi ne lafiyar ƙwaƙwalwar mace lokacin da take da ciki da kuma bayan ta haihu. A wannan fitowa za mu yi bayanin abin da ake koyarwa a can, da yadda yake shafar ki, uwargida, da kai maigida.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya kimanin mace 10 cikin 100 masu ciki, da 13 cikin 100 na waɗanda suka haihu, suna fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya fi haka: kusan 16 cikin 100 lokacin ciki, da kusan 20 cikin 100 bayan haihuwa. Wato a cikin mata biyar da suka kawo jarirai rigakafi, mai yiwuwa ne ɗaya tana ɗauke da wannan ciwo ba tare da kowa ya sani ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Yawancinsu suna asibitocin koyarwa ne da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Maiduguri. Mace mai ciki a ƙauye ko a unguwa da wuya ta taɓa haɗuwa da ɗayansu. Amma tana haɗuwa da ungozoma a wajen awo, tana haɗuwa da nas ranar rigakafi. Wannan ne ya sa aka ga cewa hanya mafi kusa ita ce a horar da waɗannan ma'aikata su gane ciwon da wuri.

Tushen waɗannan tarurruka

Nijeriya tana da tarihi a wannan fage. A shekarar 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka a Abeokuta, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Thomas Adeoye Lambo. Shi ne ya ƙirƙiro tsarin ƙauyen Aro tun a shekarun 1950, inda mara lafiya kan zauna a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani, maimakon a kulle shi shi kaɗai. Darasin da aka ɗauka daga Aro shi ne dangi suna da babban matsayi a wajen warkewa. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A yau Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Nijeriya tana yin babban taronta kowace shekara, inda ake gabatar da sakamakon bincike a kuma tattauna shi.

A ƙasashen waje kuma akwai ƙungiyar Marcé, wadda aka kafa a Ingila a 1980 musamman don lafiyar ƙwaƙwalwar masu ciki da masu jego. An sa mata sunan wani likitan Faransa, Louis-Victor Marcé, wanda ya rubuta littafi a kan wannan ciwo tun 1858. Ƙungiyar takan yi babban taro duk bayan shekara biyu, kuma likitoci da ungozomomi da masana halayyar ɗan Adam ne ke halarta.

Abu na farko da ake koya: bambance abubuwa uku

Na ɗaya shi ne ƙuncin kwanakin farko. Mata da yawa, daga kwana na uku zuwa na biyar bayan haihuwa, sukan ji kuka yana zuwa musu ba dalili, ga saurin fushi, ga rashin natsuwa. Sauyin sinadaran jiki ne da gajiya da rashin barci. Yakan wuce da kansa cikin mako biyu idan an samu hutu da kulawa.

Na biyu shi ne ciwon damuwa. Yana iya farawa tun da ciki, ko a kowane lokaci cikin shekarar farko bayan haihuwa. Alamominsa sun haɗa da baƙin ciki kusan kullum na fiye da mako biyu, da rashin jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa, da kasa barci ko da jariri ya yi barci, da rashin son abinci, da ganin kai a matsayin uwar da ta gaza, wani lokaci har da tunanin gara mutuwa. Wannan ba ya wucewa da "ki yi haƙuri" kawai, yana buƙatar kulawar asibiti.

Na uku shi ne taɓin hankalin bayan haihuwa. Ba shi da yawa, yakan sami mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 da suka haihu, kuma galibi yana bayyana ne cikin mako biyu na farko. Mai jego za ta rikice, ta kwana ba barci, ta riƙa surutai, ta ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ta yi zargin ana son cutar da ita ko jaririnta. Wannan lamari ne na gaggawa, daidai da zubar jini ko jijjiga. A kawo ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Abin farin ciki shi ne yawancin mata suna warkewa idan an fara magani da wuri.

Ana kuma koya wa ma'aikata su duba jiki kafin su yanke hukunci. Ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo, da zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa, duk suna iya kawo kasala ko rikicewa. Haka ma ciwon zuciyar da ke kama masu jego, wanda likitoci a Zariya suka yi bincike a kansa tun shekarun 1970, suka danganta yawansa da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta suna kumbura, zuciyarta ce ya kamata a fara dubawa.

Abu na biyu: yadda ake tambaya

Idan ungozoma ta tambaye ki, "A 'yan kwanakin nan kina yawan jin baƙin ciki? Kin daina jin daɗin abubuwan da kika saba?" ba shisshigi take yi ba. Abin da aka koya mata ne. Akwai wata takardar tambayoyi goma da ake kira ma'aunin Edinbara, wadda Farfesa John Cox da abokan aikinsa suka wallafa a 1987. Shi Cox ya taɓa aiki a Uganda, inda ya yi bincike a kan damuwar mata masu ciki da masu jego. Tambayoyin suna duba yadda mace ta ji cikin kwana bakwai da suka wuce. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30. Maki mai yawa ba ya nufin an tabbatar da ciwo, alama ce kawai cewa a zauna da ke a yi magana sosai. Tambaya ta ƙarshe a kan tunanin cutar da kai ce, kuma ana koya wa ma'aikata kada su tsallake ta, domin yin tambayar ba ya jefa wa mutum wannan tunani, sai dai ya ba shi damar faɗin abin da ke cin sa.

A nan ƙasar Hausa akwai abin da ke buƙatar lura. Kunyar ɗan fari al'ada ce, mace ba ta nuna son ɗanta na farko a gaban mutane. Ma'aikacin da ya san al'ada ba zai ɗauki wannan a matsayin ciwo ba. Amma kuma ciwo yana iya ɓuya a bayan kunya, a ce "kunya ce take ji" alhali yarinya tana cikin wahala. Haka nan mata da yawa ba sa cewa suna baƙin ciki, sai dai su ce kansu yana ciwo, ko zuciyarsu tana bugawa, ko jikinsu duk ya mutu. A wajen bita akan yi gwaji, wani ya zama mara lafiya wani ya zama ma'aikaci, don a saba da sauraron irin waɗannan kalamai.

Abu na uku: magani ba lallai sai ƙwaya ba

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, a 2010 kuma ta fitar da littafin jagora don ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne a fannin ƙwaƙwalwa. Nijeriya ta daidaita wannan littafi da yanayinta, kuma da shi ake horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a jihohi da dama.

Akwai kuma shirin Thinking Healthy, wato lafiyayyen tunani, wanda aka gwada a ƙauyukan Rawalpindi a ƙasar Pakistan a ƙarƙashin Farfesa Atif Rahman. An ba mata ma'aikatan lafiya na unguwa gajeren horo, suka riƙa ziyartar masu ciki da ke da ciwon damuwa a gidajensu, suna tattaunawa da su a kan abubuwa uku: lafiyar uwa, da alaƙarta da jaririnta, da alaƙarta da mutanen gida. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, 23 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka yi wa wannan kulawa ke da sauran ciwon, idan aka kwatanta da 53 cikin 100 na waɗanda ba a yi musu ba. Jariransu ma sun fi samun cikakken rigakafi, kuma ba su cika gudawa ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga shirin a matsayin littafin horo. A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun yi bincike a ƙananan asibitocin Jihar Oyo, wanda aka wallafa a 2019, inda ma'aikatan awo da aka horar suka kula da mata masu wannan ciwo, kuma yawancinsu suka samu sauƙi.

Idan ciwon ya yi tsanani akwai magunguna, wasu kuma ana iya shan su ana shayarwa, irin su sertraline. Akwai kuma waɗanda ake guje wa lokacin ciki, musamman valproate da ake bayarwa don farfaɗiya ko wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, domin yana iya yi wa ɗan tayi illa. Wannan na daga cikin bayanan da likitoci ke sabuntawa a tarurruka. Idan kina shan irin waɗannan magunguna kuma kin samu ciki, ko kina shirin samu, kada ki daina da kanki, domin dainawa farat ɗaya tana da nata haɗari. Ki zo da maganin a hannunki ki nuna wa likita.

Doka ma ta sauya. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Sabuwar dokar ta jaddada mutuncin mara lafiya, da sirrinsa, da haƙƙinsa na a yi masa bayani kafin a ba shi magani.

Naku aikin, mutanen gida

Duk horon da ma'aikaci ya samu, ba zai san abin da ba a faɗa masa ba. Uwargida, idan kin taɓa samun taɓin hankali a haihuwar baya, ko kina da ciwon da hankali kan tashi ya sauka, ko wata a danginku ta taɓa samun haka bayan haihuwa, ki faɗa tun ranar awon farko. Da wannan bayani za a tsara yadda za a sa miki ido tun kafin ki haihu.

Maigida, kai ne ka fi kowa ganin sauyi. Idan uwar 'ya'yanka ta daina magana, ta daina cin abinci, ko tana kuka a ɓoye, kada ka ce raki ne. Ka rako ta asibiti ka faɗi abin da ka gani. Hajiya da Inna masu zaman jego, ku karɓi jariri na 'yan awoyi ta samu barci, ku rage mata hidimar baƙi ranar suna, ku kuma daina kwatanta ta da wance da ta haifi goma ba ta taɓa kuka ba. Idan ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a tafi da katin awonta, a kuma san asibiti mafi kusa.

Addu'a tana da muhimmanci, kuma babu ma'aikacin da zai hana ku yi. Abin da ake roƙo shi ne kada a ɓata makonni ana cewa iska ce ko sammu ne kafin a zo asibiti, kuma kada a daki mara lafiya ko a ɗaure ta. A haɗa addu'a da magani.

Ku kawo mai jego asibiti nan take, dare ko rana, idan ta yi maganar kashe kanta ko cutar da jariri, ko ta kwana biyu ba barci tana surutai, ko ta daina gane mutane, ko ta ƙi ci da sha gaba ɗaya. Sashen gaggawa da ɗakin haihuwa ba sa rufewa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jego ƙoshin lafiya, ya raya abin da aka samu. Amin.