Tauri da juriya: me ake nufi da ƙarfin wuƙa?

Idan Babbar Sallah ta gabato, tambayar da masu sayar da wuƙaƙe suka fi ji ita ce: "Tana da ƙarfi kuwa?" Amsar kullum "ƙwarai" ce. Sai dai a wajen maƙera, kalmar ƙarfi ta ƙunshi abubuwa biyu da ba sa ga maciji da juna, wato tauri da juriya.

Tauri ke hana kaifi saurin dakushewa. Ana samunsa ne idan aka gasa ƙarfe mai sinadarin kabon har ya kai kimanin digiri 800 na Salshiyos, sannan aka tsoma shi cikin mai ko ruwa. Abin da ke fitowa daga nan gautsi gare shi kamar tangaran. Dole a sake ɗumama shi a kusan digiri 200, a sadaukar da wani ɓangare na taurin domin a sami juriya, wadda ke hana ruwan wuƙa karyewa idan ya ci karo da ƙashi.

Masana'antu na auna tauri da ma'aunin Rockwell, inda ake danna tsinin daimon a jikin ƙarfe a duba zurfin da ya shiga. Wuƙaƙen girki na Solingen a Jamus sukan tsaya tsakanin 56 da 58, na Sakai a Japan kuwa sukan kai 60 ko fiye. Ta Japan za ta yanka kifi sala-sala cikin sauƙi, amma a sari ƙashin rago da ita, bakinta ya yi giɓi. Ta Jamus takan dakushe da wuri, sai dai wasawa kaɗan ke dawo da ita.

Maƙeranmu da ke neman tsohon sifirin mota ba a banza suke yi ba. Ƙarfe ne da aka ƙera don ya lanƙwashe ya dawo, kabon ɗinsa kuma kusan kashi 0.6 cikin 100, ya isa ya riƙe kaifi. Aibinsa tsatsa. Ƙarfen da Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913 ya magance wannan da sinadarin kuromiyom, amma rubutun da ke jikin wuƙa cewa ba ta tsatsa bai faɗi komai game da taurinta ba, ko da kuwa ƙyallinta na ɗaukar ido.

Mahauta dai ba sa ɗora wa wuƙa ɗaya aiki biyu: siririya don yanka da fiɗa, adda ko gatari don ƙashi.