Ƙananan Jiragen Sama Na Sha'awa

Ƙaramin jirgin sama na sha'awa shi ne mai inji ɗaya da kujeru biyu, wanda mutum kan mallaka don nishaɗi. A 2004 Amurka ta ware masa rukuni na musamman, ta ƙayyade nauyinsa da kilo 600. Galibi injin Rotax ake sa masa, wanda ke shan fetur irin na mota. Wasu sukan sayo sassansa su harhaɗa a gida, daga baya su sauya farfela ko na'urorin nuna hanya.

Irin wannan harhaɗawa ba baƙuwa ba ce a Arewa. A Kaduna aka haɗa jiragen Air Beetle na horar da sojan sama, bisa fasalin RV-6A, wani jirgin masu sha'awa na Amurka.

Ga mutumin Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa mai son koyon tuƙa jirgi, akwai makarantar tuƙi, wato Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Lasisi kuwa hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ke bayarwa. Babban cikas, bayan tsada, shi ne hazo: da ido ake tuƙa waɗannan jirage, don haka idan hunturu ya turnuƙe sai a ajiye su.