Ruɓewar Ƙashi: Abin da Bincike Ya Gano Kan Gane Cutar da Magance Ta

Ƙashi sashe ne mai rai a jikin ɗan Adam, yana da jijiyoyin jini da ke ciyar da shi da ɓargo a cikinsa, saboda haka ƙwayoyin cuta na iya shigarsa su yi zaune kamar yadda suke shiga huhu ko fata. Idan hakan ta faru, sai ƙashin ya kumbura, ya tara mugunya, daga bisani wani sashensa ya mutu. Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira ostiyomayelaitis, wadda a sauƙaƙe za a iya kiranta ruɓewar ƙashi. Cuta ce da ake warkewa daga gare ta sarai idan an gane ta a kwanakinta na farko, amma idan aka yi jinkiri takan zama jinyar shekaru, ta raba yaro da makaranta, ta raba magidanci da sana'arsa, wani lokaci ma ta kai ga yanke ƙafa.

Ta hanyoyi uku ƙwayoyin cutar ke isa ga ƙashi. Ta farko ita ce ta cikin jini, kuma ta fi yawa a wurin yara, inda ƙwayar da ta shiga jiki ta maruru ko wani ƙaramin rauni takan bi jini har ta maƙale a kusa da ƙarshen dogon ƙashi, musamman na cinya da na ƙwauri a daura da gwiwa, domin a nan ne ƙashi ke ƙara tsawo kuma jini ke tafiya a hankali. Ta biyu ita ce buɗaɗɗiyar karaya, wato wadda ƙashi ya huda fata ya haɗu da ƙasa da datti, irin wadda haɗarin babur da a-daidaita-sahu ke jawowa. Ta uku ita ce gyambon da ya daɗe har ya ci nama ya taɓo ƙashi, kamar yadda yake faruwa a ƙafar masu ciwon suga. Ƙwayar da ta fi haddasa cutar a duniya ita ce Istafilokokus oriyus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba, sai kuma ƙwayar tarin fuka, wadda kan kama ƙashin baya ta lanƙwasa shi, kamar yadda likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana tun a 1779.

Abin da ke sa cutar ta yi taurin kai shi ne yanayin ƙashin kansa. Tun da ƙashi ba ya buɗewa, mugunyar da ta taru a cikinsa takan matse jijiyoyin jini har su toshe, sai wani yanki ya mutu ya rabu da sauran, jiki kuma ya gina sabon ƙashi a kewayensa, a bar ƴar ƙofa wadda mugunya ke tsattsafowa ta cikinta zuwa fata. Shi wannan mataccen ƙashi jini ba ya isarsa, don haka maganin da aka sha ko aka yi allurarsa ba ya kai gare shi, ƙwayoyin cutar kuma sukan lulluɓe kansu da wani irin yauƙi a jikinsa wanda ke kare su. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon kan kame na wasu watanni ya sake fashewa, har iyali su ɗauka jifa ne ko sammu, ko su kira shi daji.

A Kano, masu wannan larura kan ƙare ne a manyan asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, wanda aka kafa a 1988 domin horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, da kuma Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Sai dai da yawa daga marasa lafiyar ba su zuwa sai bayan sun biya ta kemis sun sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta sun sha na kwana biyu ko uku, ko kuma sun kai buɗaɗɗiyar karaya wurin mai ɗori an ɗaure ta da karare alhali raunin bai samu wankewar da yake bukata ba.

Binciken likitanci ya nuna cewa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna cutar a farkonta, domin sai bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da ƙashin ya zaizaye sosai, sannan alamarta ke fitowa. Saboda haka hoton da ya fito lafiya a makon farko ba ya wanke ƙashi daga zargi. Na'urar hoton maganaɗisu da ake kira MRI takan nuna kumburin ɓargo cikin kwanaki kaɗan, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin iyalai da yawa. Akwai gwaje-gwajen jini biyu masu sauƙin kuɗi, ESR da CRP, waɗanda ke auna ƙarfin kumburi a jiki, kuma na biyun ya fi amfani wajen bibiyar jinya saboda yana saurin sauka idan magani ya kama. Gwajin da ya fi kowanne yanke hukunci shi ne a ɗebo samfur daga ƙashin ko daga nama mai zurfi, a rene shi a ɗakin gwaji har a ga ƙwayar da ta tsiro da kuma maganin da ke kashe ta. An tabbatar cewa mugunyar da aka shafo daga bakin gyambo takan yaudari likita, domin tana ɗauke da ƙwayoyin fata waɗanda ba su ne ke cin ƙashin ba, haka kuma maganin da aka sha kafin ɗibar samfur yakan hana ƙwayar tsirowa, a rasa sanin abin da ake yaƙa.

Masu amosanin jini, wato sikila, suna da matsayi na musamman a wannan batu, ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ita kowace shekara a Najeriya. Jininsu kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙashi, garkuwar jikinsu kuma tana da rauni, shi ya sa ƙwayar Salmonela, dangin wadda ke kawo taifod, take yawan kama ƙasusuwansu. Wahalar da likita ke fuskanta ita ce tashin sikila da ruɓewar ƙashi suna kama da juna wajen zafi da kumburi da zazzaɓi, don haka ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, ya ƙi lafawa bayan ƙarin ruwa da maganin raɗaɗi, yana bukatar a sake bincikarsa.

A ɓangaren magani, an daɗe ana ɗauka cewa dole ne a kwantar da majiyyaci mako huɗu zuwa shida ana ba shi magani ta jijiya, amma manyan gwaje-gwaje sun sauya wannan fahimta. A ƙasar Finlan, binciken da Heikki Peltola da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa yaran da aka kama cutarsu da wuri suna warkewa da maganin kwana 20 kamar yadda suke warkewa da na kwana 30, bayan allurar kwanaki kaɗan ta jijiya sauran kuma na sha. A Faransa, wani gwaji da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa mako 6 ya wadatar kamar mako 12 a ruɓewar ƙashin baya wadda ba ta tarin fuka ba. Sai gwajin OVIVA da masanan Oksfod suka jagoranta a Birtaniya a kan manya 1,054, wanda aka wallafa a 2019, inda aka ga cewa waɗanda suka sha maganin ta baki ba su fi waɗanda aka yi wa allurar jijiya samun dawowar cutar ba bayan shekara guda. Ga iyalin da ke biyan kuɗin gado daga aljihunsu, wannan sakamako babban sauƙi ne, amma yana da sharaɗi, domin a gwajin na Birtaniya ƙwararru ne suka zaɓi maganin gwargwadon ƙwayar da aka gano, kuma mafi yawan majiyyatan an riga an yi musu tiyata.

Idan cutar ta tsufa, magani kaɗai ba ya isa sai an buɗe an cire mataccen ƙashin, an kankare wurin har a tarar da ƙashi mai fitar da jini. Ramin da ya rage akan cike shi da ƙananan duwatsun siminti na musamman da aka cuɗa da magani, dabarar da Klaus Klemm ya yaɗa a Jamus a shekarun 1970. In kuwa giɓin ya yi faɗi, akan yi amfani da zobban ƙarfe da Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro a Kurgan ta ƙasar Rasha a shekarun 1950, inda ake jan ƙashi kimanin milimita ɗaya a kullum har sabo ya cike wurin.

Gwaje-gwajen maganin nan uku na Finlan da Faransa da Birtaniya an yi su ne a Turai, a kan mutanen da ba su cika fama da sikila ko tamowa ba, saboda haka akwai bukatar Kano ta yi nata binciken domin sanin ƙwayoyin da suka fi yawa a cikinta da magungunan da suka daina kashe su. Ƙwarewar yin hakan tana nan, domin Asibitin Malam Aminu Kano na cikin cibiyoyin da suka gudanar da gwajin SPRING tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2022. Ya kamata gwamnati da masu hali su tallafa wa irin wannan aiki a fannin ƙashi, su kuma rage kuɗin gwajin gano ƙwayar cuta.

Nauyin da ke kan iyaye shi ne gaggawa. Duk yaron da zazzaɓi ya kama, ya ƙi taka ƙafa ko ɗaga hannu, kuma yake kuka idan an danna ƙashin, a kai shi asibiti a ranar tun kafin a ba shi maganin kemis. Duk karayar da ta huda fata a kai ta asibiti kai tsaye, mai ciwon suga kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, sannan wanda aka rubuta wa magani ya shanye shi har ƙarshe ko da ya ji sauƙi.