Ciniki Tsakanin Nijeriya da Nijar: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin Hakiman ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, don su sami amsar da za su ba talakawa in sun tambayi dalilin da ya sa ake rufe iyaka wata shekara, a buɗe ta wata. Kowace gwamnati tana shirya cinikinta da maƙwabta bisa ga girmanta da ƙarfinta da tarihinta.

1. Girma. Nijar ta fi Nijeriya faɗin ƙasa, amma yawancinta hamada ce, mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, kuma ba ta da bakin teku. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200. Saboda haka dabbobi da wake da albasar Nijar a kasuwannin Nijeriya suke samun masu saye.

Wanda ba shi da teku kuwa, ba ya son ya dogara ga ƙofa ɗaya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bin reluwen Nijeriya zuwa Ikko. Faransa ba ta ji daɗin haka ba, sai ta karkata wani kashi zuwa Kwatano. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukumar haɗin gwiwa domin wannan hanya.

2. Ƙarfi. Babbar ƙasa takan ja maƙwabta da alheri, takan kuma matsa musu da hani. Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya iso madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. In Nijar ta tare ruwan, injin Kainji zai raunana. Don haka Nijeriya ta ga gara ta sayar mata da wutar lantarki. Da wannan niyya aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar a 1971, da ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975.

Hani kuwa an gan shi sau uku. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa, aka yanke wuta, har Maris 2024. Nijar ba ta rusuna ba. Ta juya kayanta ta Lome, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

3. Tarihi. Layin iyaka, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Ingila da Faransa suka shata shi da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Zumunci ya girme shi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar Gobir ta zauna a Tsibiri, Haɓen Katsina suka zauna a Maraɗi. Harshe ɗaya ne, auratayya ba ta yanke ba. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da Gwamnatin Tarayya, ko da yake Faransa ta karkata ga Biyafara.

Wannan shi ya sa rufe iyaka ke cutar ɓangarori biyu. In gero ya yi tsada a Maraɗi, to, dillalin shanu a kasuwar Shinkafi ya rasa baƙinsa, manomin Ɗan Isa ya rasa mai sayen hatsinsa, fatake kuma su koma bin daji, kuɗin kwastan ya ragu.

Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su riƙa rubuta farashin hatsi da dabbobi kowace ranar kasuwa, su aika da rahoton ga Majalisar Sarki. Da irin wannan lissafi ne masu shawara da Yamai za su san nauyin da hukuncinsu ke ɗora wa mutanen bakin iyaka.